Mantau Maharbi da Tukunyar Kyauta

Tsofaffinmu sun ce, su ma daga bakin nasu tsofaffin suka karɓa, kafin a kafa ko bukka ɗaya a nan, wurin kurmi ne baƙi ƙirin. Ɓauna ke sarauta a cikinsa, barewa da gada kuwa kamar awaki ranar kasuwa. A shekarar da annoba ta share shanu a arewa, wani maharbi mai suna Mantau ya kutso cikin kurmin da mutanen gida bakwai a bayansa, suka yada zango a bakin rafi. Tare da shi akwai mahaifiyarsa Kyauta, tsohuwa mai haƙora uku, da yayarsa Gwamma, maginiyar tukwane, wadda bakinta ya fi wuƙar fawa kaifi.

Ba a taɓa ganin Mantau ya harba kibiya biyu kan dabba ɗaya ba. Ana cewa in ya shiga dawa ciyawa ba ta motsi a ƙarƙashin ƙafarsa, iska ma ba ta kai wa dabba warinsa. In ya dawo sai a tarye shi da kirari: Mantau na Kyauta, kibiya guda ɓauna ta durƙusa, dawa ta san takunka, gida ya san ƙanshinka.

To, maharban wancan zamani suna da wata doka da suke rantsuwa a kanta, hannu dafe da kwari. Naman dawa na wuta ne, ba na ruwa ba. A gasa shi, a ƙyafe shi, a shanya shi, amma duk maharbin da ya bari naman harbinsa ya shiga tukunya, hannunsa zai yi sanyi, kibiyarsa ba za ta ƙara cin dabba ba. Wa ya kafa dokar, don me aka kafa ta, babu wanda ya sani. Haka suka tarar, haka suka riƙe ta gam.

Damina ta farko ba ta ƙare ba ciwon shawara ya kama Kyauta. Idanunta suka yi rawaya, jiki ya zube. Mai maganin da ke cikinsu ta duba ta, ta ce kada kitse ko man shanu ya kusanci bakinta, amma dole ta ci nama, don jininta ya ƙafe. Mantau har dariya ya yi don murna. Ai naman ɓauna tsoka ce zalla, ja wur, ka tsaga cinya guda ba ka sami kitsen da zai shafe tafin hannu ba. Barewa ma haka. Ya ce maganin Inna yana yawo da ƙafafu huɗu a bayan gari.

Ashe wahala ce ta fara. Naman da ba shi da kitse, in ya ji wuta mai ƙarfi, ƙanƙancewa yake yi ya bushe kamar ƙirgi. Samari masu haƙora talatin da biyu ma sai sun yi gumi kafin su haɗiye, balle tsohuwa. Kyauta takan sa shi a baki, ta juya, ta tsotsa, ta juya, ta tofar a tafin hannu ta ɓoye a ƙarƙashin tabarma don kada ɗanta ya gani. Shi kuwa yana gani.

Babu dabarar da bai yi ba. Ya yanka shi siriri kamar ganye, ya fito kamar ɓawon itace. Ya bubbuge shi da dutse kafin gashi, ya zama zare-zare yana maƙale mata a wuya. Ya bar ɓauna ya koma wa 'yar barewa mai ɗanyen jiki, duk kanwar ja ce. Cikin kwana arba'in ya kayar da ɓauna huɗu, barewa kuwa ba a ƙirga ba. Mutanen zango suka murje, mazan suka yi ƙarfi ba tumbi, matan suna tafiya garau. Wadda ake yin harbin dominta ita kaɗai ke ƙarewa. Abin ya ci masa rai har ya daina amsa kirari, wanda ya yi masa ma sai ya sha harara.

Gwamma kuwa ba ta raga masa ba ko kwana ɗaya. Ta ce ita ba ta taɓa ganin wauta irin ta maharba ba, ga nama ga ruwa ga tukunya, a zauna ana kallon uwa tana mutuwa da yunwa. Ya ce ba ta san abin da rantsuwa take ba. Ta ce ta san abin da kabari yake. Ya fice yana huci, ya je ya sari bishiyar da ba ta yi masa laifin komai ba.

Rannan takaici ya kai shi har ya tauna naman da bakinsa, ya durƙusa ya miƙa wa tsohuwar. Ta kawar da kai.

"Auta," ta ce, "ni na tauna maka. Ba kai za ka tauna mini ba."

Kashegari da hantsi ta kasa ɗaga kanta daga matashi. Mantau ya tsaya a ƙofar ɗaki da cinyar ɓauna a kafaɗa, ya daɗe a tsaye. Ta gane abin da ke ransa, don matar maharbi ce ita ma a zamaninta. Ta roƙe shi da muryar da da ƙyar ake ji, kada ya kashe hannunsa saboda tsohuwar da ta riga ta ci zamaninta. Ya juya ya nufi inda Gwamma take, ya dire cinyar a gabanta.

"Yaya, ga shi. Ki dafa."

Ita kuwa tuni ta gina tukunyar tana jira, mai kaurin baki, da yumɓun da ta ɗebo a taɓon da ɓauna ke birgima. Ta yanka naman a gicciye, ba ta bi tsawon tsoka ba. Ta jiƙa shi a ruwan tsamiya, ta zuba daddawa da citta da albasa, ba ta ɗiga mai ko kaɗan ba. Ta rufe, ta liƙe murfin da laka, ta binne tukunyar a garwashin da ba ya ci da harshe. Mantau yana ta safa da marwa, kowane lokaci yana tambaya ko ya nuna. Ta ce wutar gaggawa ce ta lalata musu nama kwana arba'in, ya je ya zauna ko ya tafi ya ba ta wuri.

Sai da rana ta karkata ta fasa lakar. An ce ƙanshin ya tsallake rafi, har ɓaunaye suka fito bakin kurmi suka tsaya suna kallon zango. Naman kuwa ɗan yatsa ke raba shi. Aka ɗaga Kyauta, ta kurɓi romo, ta sa tsoka a baki. Mantau ya tambaye ta ko ya taunu. Ta haɗiye, ta ce ya taunu, ta miƙo ƙwarya a ƙara mata.

Bayan kwana uku Mantau ya shiga dawa, ya yi kiciɓis da ɓauna a fili, kusa ƙwarai. Ya harba, kibiya ta faɗi a gaban kofatonta. Ya sake, ta bi iska. Ɓaunar ta dube shi ta juya abinta. Maharba suka ce rantsuwa ce ta ci shi. Gwamma ta ce tsoro ne kawai ya shiga hannunsa. Ni dai ban sani ba, amma daga ranar bai ƙara kayar da ko zomo ba. Kada kuma wani ya ce muku ya haƙura da sauƙi. Ya kama fartanya yana ƙunci, in ya ji ana yi wa wani maharbi kirari sai ya bar wurin.

Abu ɗaya ya yi kafin ya rataye bakansa a jikin wata tsamiya. Ya tara matasan da ke koyon harbi a hannunsa, waɗanda ba su kai ga rantsuwa ba, ya hana su dafa kwari kan wannan doka har abada. Ya ce hannu ɗaya ta ci, ya ishe ta.

Kyauta ta warke, ta ƙara shekara tara a duniya. Zangon ya zama gari, matafiya suna kwatance da shi suna cewa a sauka wajen tukunyar Kyauta, har sunan ya bi shi. Tsamiyar tana nan a bayan kasuwa. Har yau kuma in an sami naman dawa a garin nan ba a gasa shi, binne shi ake yi a garwashi daga hantsi zuwa la'asar, ba mai. Ludayin farko na matar da ta fi kowa tsufa ne a unguwa, kuma maharbin da ya harbo naman da kansa yake durƙusawa ya miƙa mata, ya ce, "Inna, ya taunu?" Babu mai sa hannu a tukunya sai ta haɗiye ta ce, "Ya taunu, Auta."