Tawul Ɗin da Aka Sa wa Sitaci

A wani gari an yi wata mace mai tsabta ƙwarai. Ko tsinke ba ka gani a tsakar gidanta, rigar mijinta kuwa in ta sha sitaci da guga, tun daga nesa ake gane shi. Ita ma ta san da haka, kuma tana so a riƙa faɗa.

A ikkilisiyarsu akwai al'ada, kowace shekara ranar Alhamis kafin Ista masu bi sukan wanke wa juna ƙafa, kamar yadda Ubangiji ya yi wa almajiransa. An keɓe tawul goma sha biyu na auduga domin wannan hidima, wata tsohuwa gwauruwa ce take kula da su shekara da shekaru. Sabulu kaɗan take sawa, ta ɗauraye sau uku, ta shanya a rana, ta kakkaɓe, ta ninke. Iyakar aikinta ke nan.

Wata shekara matar nan ta miƙe a taron zumuntar mata ta ce, "Tawul ɗin nan sun yi laushi kamar tsumma. Haka za mu riƙa kawo su gaban Allah? A ba ni su bana, ku ga aiki."

Tsohuwar ta ce, "Ga su, 'yata. Amma tawul ba riga ba ne. Kada ki cika masa sabulu, kada kuma ki ƙara masa komai."

Matar ta ce, "To, Kaka." A baki ke nan. A zuci kuwa cewa ta yi tsufa ne ya sa ta son jiki.

Ta kai su gida ta zabga musu sabulu. Ta dama sitacin rogo mai kauri ta tsoma su, ta sa bula don su ƙara haske, ta hura gawayi a dutsen guga ta bi su ɗaya bayan ɗaya. Suka fito fari fat, sun sandare, in ka jingina ɗaya da bango sai ya tsaya da kansa. Ranar hidima mata suka yi ta cewa, "Kai, kamar yau aka fito da su daga kanti!" Ita kuwa sai sunkuyar da kai take yi, wai ita mai tawali'u.

Mata suka zauna a jere, ana waƙa, kowace tana wanke wa ta kusa da ita. Sai layi ya kawo matar nan gaban tsohuwar. Ta durƙusa, ta sa ƙafafun a daro ta wanke. Ƙafafu ne na wadda ta ƙare rayuwarta a gona, duk diddigen faso. Ta ɗauko tawul ta ɗora, ruwa ya zame ta kansa ya zuba ƙasa, ko ɗigo bai sha ba. Ta ƙara danna hannu ta goga da ƙarfi. Tsohuwar ta janye ƙafa, ta cije leɓe. Da matar ta ɗaga tawul ɗin sai ga jini a kan farin nan, ya yage fason.

Ta waiga ta dubi layi. Sitaci ya jiƙe ya yi yauƙi a ƙafafun mutane, wasu sun ajiye tawul suna sharewa da mayafinsu. Waƙa ta mutu. Da ma zaginta suka yi da ya fi mata sauƙi. Kunya ta rufe ta, ta ji kamar ƙasa ta tsage ta shige.

Tsohuwar ta dafa kanta ta ce, "Ba komai, 'yata. Share mini da bakin zanenki."

Ta share tana kuka. Ta ce, "Kaka, ki yafe mini. Kin faɗa mini ban ji ba. Ba don ƙafarki na wanke su ba, don idon mutane na yi."

Da aka tashi ta ƙunshe tawul ɗin a mayafi, ta bi ta bayan gari zuwa gida. Kwana huɗu tana jiƙa su a ruwan ɗumi tana ɗaurayewa kafin su sake shan ruwa. Kwalliya dai ba ta biya kuɗin sabulu ba.

To, ga ma'anar misalin nan, 'yan'uwa. Tawul shi ne mai bi. Ba don a kalle shi aka yi shi ba, an yi shi ne ya sha jiƙar wani, ya ɗauki dauɗar wani, a wanke shi, gobe ya sake. Sitacin kuwa girman kai ne da son yabo. Yana sa mutum ya yi kyau a kujerar gaba, amma zuciyarsa ta sandare. Fason nan shi ne ciwon da ɗan'uwanka yake ɓoyewa, sai wurin wanda ya amince da shi yake buɗewa.

Ni da nake faɗa muku ban tsira ba. Wani ya taɓa zuwa wurina da hawaye bayan ya yi tuntuɓe, na tsare shi da wa'azi mai kaifi don in nuna masa na san Littafi. Ya yi godiya ya tafi, bai ƙara dawowa ba. Har yau in na tuna sai kunya ta kama ni.

Saboda haka kowa ya roƙi Ubangiji ya jiƙa shi, ya ɗauraye shi, ko da zai ɗauki kwanaki. Ka kuma tambayi kanka tun yau: wanda ya miƙo maka ƙafarsa a makon nan, da ya tashi daga gabanka, a bushe ya tafi ko da jini?