Bokiti Biyu a Ƙofar Gidan Malam Ishaƙ

Akwai wani ɗan kasuwa a Gumel mai suna Mannir, yana sayen riɗi da zoɓo a kasuwar Maigatari yana turawa Kano. Allah ya buɗa masa, ya sayi mota baƙa wuluk, irin wadda mutum zai iya gyara zaman hularsa a jikinta. Ku da kuka san maza da sabuwar mota ba sai na yi muku dogon bayani ba. Matarsa ma sai ta kakkaɓe takalmi kafin ta shiga.

Mahaifinsa, Malam Ishaƙ, yana wani ƙauye a bayan Ɗanzomo tare da 'yarsa Rakiyya, wadda ke kula da shi tun bayan rasuwar mahaifiyarsu. Tsohon ya yi ƙuruciyarsa yana fatauci da jakuna tsakanin nan da Damagaram. A tarbiyyar da ya tashi da ita, idan baƙo ya sauka a gidanka, abin hawansa kake fara yi wa hidima. Ka sauke masa kaya, ka ba shi ruwa, ka share masa baya, sannan ka waiwayi mai shi.

Saboda haka duk Juma'ar da Mannir ya zo gaishe shi, ana gama gaisawa tsohon zai zare ƙyallen da ke kafaɗarsa ya nufi motar. Hanyar garin rairayi ce zalla, kafin motar ta iso ta yi fari fat. Sai ya bi ta yana gogewa a bushe, yana zagaya hannu, yana sa mata albarka ƙasa-ƙasa. Duk maƙwabcin da ya gifta sai ya ce masa, "Ta yaron nan ce."

Malam Ishaƙ ba mutum ne da bakinsa zai iya furta "na yi kewarka" ba. Wannan gugar ita ce abin da ya iya.

Wata rana Mannir ya kai motar wurin Rufa'i mai wankin mota a Gumel. Da aka gama aka fito da ita rana, sai Mannir ya ga wasu siraran layuka zagaye-zagaye a jikin fentin, kamar yanar gizo-gizo.

Rufa'i ya duƙa ya duba, ya ce, "Alhaji, akwai wanda ke goge motar nan a bushe. Ƙurar da kake gani ai yashi ne ƙanana. Idan aka danna shi da tsumma, shi ke karce fenti. Baƙar mota kuwa ba ta rufa wa kowa asiri."

Mannir ya san hannun waye.

Ranar Juma'a ya je ƙauye da abin a ransa. Tsohon na zare ƙyalle, sai ya tare shi, ga mutane zaune a ƙofar gida.

"Baba, don Allah ka bar motar nan. Ba jaki ba ce. Duk ka karce min fenti."

Malam Ishaƙ ya tsaya da ƙyallen a hannu. Ya dubi motar, ya dubi ɗansa, ya ce, "To, ka yi haƙuri. Ban sani ba." Ya ninke ƙyallen ya mayar kafaɗa, ya koma kan tabarmarsa.

Gaskiya Mannir bai yi ƙarya a kan fentin ba. Amma ni dai wannan "ba jaki ba ce" ita ta fi tsaya min a rai, domin da jakunan nan aka ciyar da shi har ya girma.

Daga ranar ya canza dabara. Sai ya riƙa ajiye motar a Sule Tankarkar, a gaban shagon wani abokinsa, ya hau acaɓa ya ƙarasa. To acaɓa a cikin rairayi ba daɗi, shadda ta yi datti, baya ya yi ciwo. Zuwan kowace Juma'a ya koma na wata-wata, daga baya ya koma kiran waya ta hannun Rakiyya. Yana kewar uban, ba wai ba ya yi ba. Kunyar abin da ya faɗa ce ta haɗu da son jiki, kullum yana cewa sai mako mai zuwa.

Shi kuwa tsohon, wata safiya ya sa babbar rigarsa ya hau motar kasuwa zuwa Gumel. Bai je gidan ɗansa ba. Tambaya ya yi ta yi, ina ake wanke motar Mannir mai riɗi, har aka nuna masa wurin Rufa'i.

Rufa'i ya ba shi benci ya zauna. Tsohon ya ce, "Ɗana, ni na ɓata wa Mannir mota. Ni ne mahaifinsa. So nake ka koya min yadda ake yi."

Rufa'i ya ajiye aikin da yake yi, ya nuna masa komai a kan wata mota da aka kawo.

"Baba, a inuwa ake wankewa, kuma sai jikinta ya huce. Kafin hannunka ya taɓa ta, ka fara kwara ruwa daga sama ya tafi da yashin. Sannan bokiti biyu, ɗaya na sabulu, ɗaya na ɗauraye tsumma, don kar dattin da ka cire ya koma jikinta. Daga sama za ka faro ka gangaro, tayoyi su ne ƙarshe, su kuma tsummansu daban. Kar ka zagaya hannu, miƙe za ka ja. In tsumma ya faɗi ƙasa, ya gama aiki sai an wanke shi. Kuma ban da omo, akwai sabulun mota."

"Busarwa fa?"

"Tawul mai laushi. Shimfiɗa shi za ka yi ya tsotse ruwan, ka ɗaga. Ba a dirzawa."

Tsohon ya maimaita kamar mai biya karatu, har Rufa'i ya ce karatun ya zauna. Ya sayi tawul da sabulun da bokiti biyu sababbi, ya roƙi Rufa'i kar ya gaya wa kowa, ya koma gida.

Tun daga nan Juma'a ta samu sabon aiki. Da safe zai je tuƙa-tuƙa ya ɗebo ruwa, ya bar shi ya kwanta don yashin ciki ya sauka ƙasa, ya tsiyaye mai kyan a bokitan nan, ya ajiye su ƙarƙashin darbejiyar ƙofar gida. Tawul kuwa a cikin leda yake, a ƙasan akwati, don kar ƙura ta taɓa shi. Ana sauka daga masallaci zai zauna yana fuskantar hanya. Duk ƙarar injin da ya ji sai ya ɗago kai, yawanci kuma babur ne ko motar ɗaukar hatsi. In la'asar ta yi sanyi, sai ya miƙe ya zuba wa awaki ruwan.

Rakiyya ta gaji da gani. Ta ce, "Baba, bari in gaya wa Yaya ya zo da motar mana."

"A'a, kar ki matsa masa. Ranar da ya ga dama zai kawo ta, ya tarar na iya."

Haka damina ta shiga ta fita. Ana cikin girbin gero, wata Alhamis, tsohon ya yanke jiki ya faɗi a tsakar gida. Rakiyya ta kira yayanta yana tsakiyar kasuwar Maigatari. Ranar Mannir bai tuna da rairayi ba, bai tuna da fenti ba, ya taka motar har ƙofar gida ya kwashi mahaifinsa zuwa asibiti a Gumel.

An samu ransa, amma ɓarin jikinsa na dama ya shanye, magana ma sai a hankali. Da aka sallame shi bayan mako guda, ya ce gida yake so, Mannir ya mayar da shi ya kwana a can.

Washegari ta kama Juma'a. An fito da tsohon an jingina shi da bango a ƙofar gida, ga motar nan a gabansa ta yi fari fat. Ya daɗe yana kallonta, sannan ya ce, "Rakiyya, an ɗebo ruwan?"

Mannir ya ce, "Wane ruwa?"

Rakiyya ta ja shi zaure ta gaya masa komai: tafiyar Gumel, bokitan, zaman jiran. Tana faɗa tana share ido da bakin mayafi. Mannir ya dafa bango.

Da kansa ya je tuƙa-tuƙa. Ya dawo ya cire babbar riga, ya naɗe hannun 'yar ciki, ya durƙusa gaban mahaifinsa.

"Baba, ka nuna min."

Tsohon ya riƙa faɗa masa, kalma na fita da ƙyar. Ka jira ruwan ya kwanta. Ka kwara daga sama. Ba wannan bokitin ba, wancan. Miƙe za ka ja. Mannir yana yi, hawaye na zubar masa, bai damu da masu wucewa ba.

Da aka zo busarwa, ya matso da motar daf da tabarmar. Ya buɗe ledar, ya sa tawul ɗin a hannun mahaifinsa da ya shanye, ya ɗora nasa hannun a kai, suka shimfiɗa shi a jikin ƙofar motar tare.

Malam Ishaƙ ya ce, "A hankali. Ba a dirzawa."

Wankin da suka yi tare ke nan, ba su samu na biyu ba. Kafin a gama shigar da amfanin gona rumbu, Allah ya karɓi ran tsohon.

Yanzu Mannir ba ya fashin Juma'a. Da motar yake zuwa, ya gaida ƙanwarsa, ya ziyarci kabari. Rakiyya ta ce idan ya iso ƙofar gidan ya kashe injin, ba ya fitowa nan take. Sai ya ɗan zauna a ciki, hannunsa a kan sitiyari, yana kallon zauren.

Darasi: Ka kula da motarka, ka kwara mata ruwa kafin ka taɓa ta, kar ka goge ta a bushe. Amma idan hannun iyayenka ne ya yi kuskuren, ka gyara musu da tausasawa, ka tsaya ku yi tare. Fenti ana sake shi a gareji, ranakun da ka hana su ganinka kuwa ba sa dawowa. Wanda nasa ke raye ya je ya gan su wannan makon, wanda nasa suka rigaye mu Allah ya jiƙansu. Ku tura wa 'yan'uwa, wataƙila akwai tsohon da ke zaune a ƙofar gida yana jiran wanda zai karanta wannan.