Batirin Da Aka Ajiye a Rumbu

Ƴan'uwa cikin Ubangiji, ina roƙon gafararku tun da fari. Ban riƙe alƙalami ba sai da furfura ta fito mini, hannuna kuwa har yau rawa yake yi. Ku dubi maganar, kada ku dubi rubutun.

Akwai wani mutum manomi, shi da ƙanensa. Kowannensu ya kafa farantin sola a kan rufin gidansa, ya kuma sayi batir domin tara wutar rana. Mahaifiyarsu tana zaune a gidan babban. Tana da ciwon sukari, allurarta kuwa dole ta zauna cikin sanyin firij, in ba haka ba ta lalace.

Babban kuwa mutum ne mai tattali. Da batirinsa ya cika, sai ya cire wayoyinsa, ya naɗe shi cikin buhu, ya sa a rumbu, har ya barbaɗa masa toka kamar yadda ake yi wa wake. Firij ɗinsa kuwa yana aiki da rana, sanyin ya kai shi gobe.

Ƙaramin ya bar nasa a jone. Kullum rana tana cika shi, kullum da yamma yana ba da haske, maƙwabta kuma suna kawo wayoyinsu caji.

Wansa ya ce masa, “Auta, wa ka taɓa gani yana cin hatsin rumbu tun da kaka? Ran da rana ta ɓuya, me za ka kunna?”

Ya amsa ya ce, “Yaya, wannan ba dawa ba ce. Ci yake yi kullum, kamar akuya.”

Wan ya yi dariya, ya tafi.

Sai marka ta sauka, rana ta ɓuya kwana da kwanaki, firij ɗin babban ya tsaya. Ya hau rumbu da murna, ya sauko da batirinsa, ya kakkaɓe toka, ya jona. Ko ƙyaftawa fitila ba ta yi ba. Wutar ta tsiyaye a ɓoye tun da daɗewa.

Tsohuwar ta taɓa kwalbar allurarta ta ce, “Ɗana, sanyin nan yana tafiya.”

Ya ƙunshe kwalbar cikin rigarsa, ya ruga cikin ruwa zuwa gidan ƙanensa. Ga shi kuwa, firij yana gurnani! Gama batirin nan bai raina ɗan hasken da ke ratsowa ta cikin girgije ba, yana ta tarawa kaɗan-kaɗan. Ƙanen bai yi masa gori ba. Ya karɓi kwalbar ya sa a sanyi, ya ce, “Yaya, gobe ka kawo mini Inna ma, akuyar za ta iya da mu duka.”

Ma'anar wannan misali ita ce: rana alherin Allah ce, batir kuwa zuciyar mutum. Waɗansunmu sun cika sau ɗaya, ranar baftismarsu, suka cire waya, suka ce sun yi ajiya. Bangaskiyar da ba a jone take da addu'a ba, ba ta kuwa haskaka maƙwabci, tsiyayewa take yi ba tare da ƙara ba. Mai ita ba zai sani ba sai ranar da ran wani ya rataya a kanta. Albarka ta tabbata ga mai karɓa kullum, mai bayarwa kullum.

Inda na yi kuskure, ku da kuka riga ni sanin karatu ku gyara mini, domin ni ma in zauna a jone.