Rajistar Malam Munzali

Akwai wani malamin firamare a Gwadangaji ana ce masa Malam Munzali. Mutum ne mai ƙa'ida, irin wanda ko alli ya karye sai ya tambayi dalili. Ba mugu ba ne, amma jama'a, akwai shi da ji da kai, ba ya tambayar kowa komai.

Bara aka tura shi wani ƙauye gaba da Argungu, tsallaken fadama. Shekara biyu makarantar garin tana rufe, tun ranar da 'yan bindiga suka shigo mutane suka watse. Yanzu an samu sauƙi, an dawo ana noman shinkafa, sai aka ce a buɗe ta.

Mai duba makarantu, Malam Abbas, ya gaya masa tun a ofis: "Ƙarshen zango zan zo. In na tarar babu yara, rufe ta za a yi, su riƙa tafiya garin gaba." Garin gaba kuwa tafiyar awa biyu ce a ƙasa, babu uban da zai bar ɗansa ya bi wannan hanyar.

Da ya isa, aji ɗaya ne mai rufi. Babu benci, babu wani malami, shi ne hedimasta shi ne mai shara. A cikin wani kabad da gara ta ci ya tsinci tsohuwar rajista. Ya kakkaɓe ta, ya ce to madalla, aiki ya samu.

Ranar farko yara talatin da ɗaya suka zo. Ya buɗe rajista ya fara kiran suna yadda aka koya masa, kowane suna sau uku, da ƙarfi.

"Jannatu Hodi! Jannatu Hodi! Jannatu Hodi!"

Yara suka sunkuyar da kai.

"Ba ta zo ba. Ku gaya mata lalaci ba ya kai mutum ko'ina. Atiku Muhammad Sani!"

Wata yarinya mai suna Sumayya ta tashi ta fita da gudu. Malam ya girgiza kai ya ce yaran ƙauye sai a hankali.

Haka ya riƙa yi kullum. Sati na biyu yara suka koma sha tara. Sati na uku bakwai. Ranar wata Litinin ya share aji, ya rubuta kwanan wata a allo, ya zauna har azahar, ko akuya ba ta leƙo ba.

Wallahi kaɗaici ya ci Malam Munzali a garin nan. A masallaci a gaisa da shi sama-sama, kowa ya saka takalminsa ya wuce. Shi zai dafa taliyarsa, shi zai ci, ya wanke tukunya. Waya ma sai ya hau tudun bayan makaranta kafin ya ji muryar matarsa Munira, rabin maganar iska ta kwashe. Wata rana ya kama kansa yana koyar da aji babu kowa, don dai ya ji muryar mutum.

Da abin ya ishe shi, ya zauna ya rubuta takarda zuwa ofis cewa mutanen garin ba sa son boko, a rufe kawai. Yana cikin rubutun wata tsohuwa ta yi sallama. Inna Kulu ce, wadda gidanta ke jingine da katangar makaranta, kullum yana jin ta tana sheƙar shinkafa.

Ta zauna a bakin ƙofa ta ce, "Malam, littafin nan naka na taho gani."

"Rajista ce, Inna, ta gwamnati ce. Ba a taɓawa."

"Ba ni taɓawa, ban iya karatu ba. Jannatu Hodi da kaka kira kullum, jikata ce. Ranar da sunka shigo garin ga anka rasa ta. Ni na yi mata wanka da hannuna."

Biro ya faɗi daga hannunsa.

"Uwarta tana bayan katangar ga tana jin ka, sau uku kowace safiya. Har ka ce a gaya mata lalaci ba kyau. Atiku kuwa tafiya sunka yi da shi, har yau ba mu san ko shina raye ba. Ƙanwarsa ce Sumayya. Mutum tara cikin littafin ga ba su amsa maka, Malam, ko ka shekara kana kira."

Ya ce, "Innalillahi. Inna, me ya sa ba wanda ya gaya mini?"

"Wa ka tambaya? Ka taho da littafi, munka ga littafin ya ishe ka. Mu kuwa sunayen ga ba mu iya faɗinsu gaban baƙo."

Malam Munzali ya ji kunyar da bai taɓa ji ba, ya yi kuka a gabanta kamar yaro. Ya yayyaga takardar ofis.

Washegari bai buɗe aji ba. Inna Kulu a gaba, shi a baya, suka bi gida tara yana ta'aziyya yana neman gafara. Wani gidan aka karɓe shi, wani gidan aka bar shi tsaye a zaure, ya koma kashegari. A sabon littafi ya riƙa rubuta yaran da iyaye suka faɗa da bakinsu.

A gidan su Atiku, uwar ta yi magana daga bayan labule. "Malam, Sumayya za ta koma. Amma kada ka cire Atiku, ban ga gawa ba. Ka rubuta shi, kada dai ka kira shi sai ranar da ya taho."

Ya rubuta.

Yara ba su dawo rana ɗaya ba. Yau uku, jibi biyar, a haka har ƙarshen zango. Malam Abbas ya iso a babur, ya ƙirga kawuna, ya duba littafi.

"Talatin da huɗu na gani, a nan kuma talatin da biyar. Wa ya yi fashi?"

Sumayya ta ɗago tana kallon malaminta.

Malam Munzali ya ce, "Ba fashi ya yi ba, ranka ya daɗe. Muna jiransa ne."

Malam Abbas ya dubi fuskokin yaran, bai ƙara tambaya ba. Ya sa hannu, makaranta ta tsira.

Darasi: Gyara rufi da buɗe ƙofa ba su isa a ce makaranta ta dawo ba. In ka je wurin mutanen da masifa ta taɓa, ka fara tambayar abin da suka rasa kafin ka yanke musu hukunci. Ku tura wa malamai da iyaye, wataƙila wani yana can yana fama ciwon mutane bai sani ba.