Takardar da Nu'uman Ya Ɓoye a Cikin Hula

Akwai wani mai sayar da huluna a kasuwar Ƙofar Wambai, sunansa Nu'uman, mutumin unguwar Sheshe a cikin birnin Kano. Kakanninsa Fulani ne da suka bar kiwo suka zauna a gari tun da daɗewa. Shanun sun ƙare, Fillancin ma ya ɓace a bakin jikoki, amma kunyar tana nan daram. A gidansu namiji ba ya kiran sunan matarsa a gaban manya, ba ya maganar cikinta, ɗan fari kuwa ko kallonsa ba ya yi in da idon mutane.

Abin ya faru a daminar shekarar 2000, shekara guda da komawar mulki hannun farar hula, lokacin wayar hannu ba ta shigo ba.

Matarsa Husaina tana da cikin fari wata shida. A wurin awo aka ce cikin ya fi watanninsa girma, a je babban asibiti a yi hoto, ko tagwaye ne, tunda ita ma 'yar tagwaye ce. Ya ɗauke ta a Vespa, tana tsokanarsa a hanya cewa ya fara neman raguna biyu.

Likitan ya daɗe yana kallon na'urar. Daga baya ya tura Husaina wani ɗaki a auna ta, ya tsayar da mijin.

"Ba tagwaye ba ne, Malam. Ɗa ɗaya ne, amma ruwa yana taruwa a cikin kansa."

Ya yi masa bayani dalla-dalla. Kan yana girma fiye da ƙima, kafin watan haihuwa ba zai iya fitowa da kansa ba. Sai an yi mata aiki a asibiti tun kafin naƙuda ta zo. In naƙuda ta same ta a gida, ana iya rasa su duka biyun.

Nu'uman ya tambaya ko yaron zai rayu. Likita ya ce akwai masu rayuwa, akwai waɗanda ba sa yi, shi ba zai yi masa alkawarin da ba nasa ba. Ya ƙara da cewa jinin Husaina ya ɗan hau, gara shi mijin ya gaya mata a gida, a hankali, su dawo bayan sati biyu. Ya rubuta takarda ya miƙa masa.

A bakin ƙofa Husaina ta tare shi da murmushi. "Biyu ne?"

"Ɗaya ne," in ji shi. "Lafiya lau."

Bai yi niyyar ƙarya ba. Nufinsa ya gaya mata in sun isa gida. Da suka isa, sai ta ɗauko 'yan rigunan da ta ɗinka tana jerawa a kan gado, ya ce a ransa sai gobe. Ya ninke takardar gida huɗu ya sa a cikin hularsa, don nan ne kaɗai hannunta ba ya zuwa. Goben ta zo, ita ma ta wuce.

Sana'ar Nu'uman ta auna kawuna ce. Mutum ya zo, ka zagaya masa tef a goshi, ka karanta lamba, ka zaro masa hula. Shekara goma yana yi bai taɓa tunanin komai a kai ba. Yanzu da ya ɗora tef a kan mutum sai tunanin kan ɗansa ya faɗo masa. Wani ango ya dawo da huluna uku da aka ba shi ba lambarsa ba. Sau biyu yana rufe rumfa ya manta bai sa kwaɗo ba.

Abinci ya koma masa kamar ƙasa. A sallah sai ya rasa raka'a ta nawa yake. 

Ya shiga tuhumar kansa. Ko maganin zazzaɓin da ya sayo mata a kemis a farkon cikin ne? Ko don auren zumunci suka yi? Ko wani zunubinsa ne ya faɗa kan yaron? Ya kai takardar wurin wani likitan a Gwale, yana fatan a karanta masa ita daban. Aka karanta masa ita yadda take.

Sabo, maƙwabcinsa a rumfa, ya dube shi wata rana ya ce, "Wai kai ne mai cikin ko ita? Na ga laulayin a jikinka ya sauka. Wandon nan saura kaɗan ya bar ka a kasuwa."

Nu'uman ya yi dariya tare da shi. Da Sabo ya juya, ya shiga bayan tarin huluna ya zauna a ƙasa ya riƙe kansa.

Sati biyun likita suka cika, ya gaya wa Husaina an ɗaga ranar. A gida ya zama mutumin da ba a gane masa. In ta ce ya taɓa ya ji motsi, sai ya tuna wani abu a waje. In ta tambaye shi abin da ke damunsa, sai ya ce kasuwa ce. Ranar da ta matsa, ya daka mata tsawa, abin da bai taɓa yi ba. Ba ta sake tambaya ba.

Ana cikin haka saƙo ya zo daga iyayenta. Da zarar cikin ya shiga wata bakwai, ƙanwar mahaifinta, Goggo Jummai, za ta zo ta tafi da ita goyon ciki, ta haihu a gaban uwarta, ta yi wanka a can, kamar yadda ake yi wa kowace mai cikin fari. Ƙauyensu yana can bayan Sumaila. Mota ran kasuwa kaɗai take shiga, in rafi ya kawo kuwa sai a kwana uku ba mai ƙetarewa.

Nu'uman ya san mutum ɗaya ne zai iya tsayar da tafiyar, wato Bappa Jibrin, yayan mahaifinsa, wanda ya riƙe shi tun yana maraya, ya kuma yi masa auren. Amma ta ina zai fara? A ce shi, a gaban Bappa, ya buɗe baki yana zancen cikin matarsa, cikin ma na fari?

Sau uku yana zuwa zauren Bappa. Ya cire takalmi, ya durƙusa, ya gaishe shi. Suka yi zancen sabuwar gwamnati, suka yi zancen soron da ke yoyo. Ya tashi ya tafi. A zuwa na uku ya ɗan yi ƙarfin hali.

"Bappa, hanyar ƙauyen nan bana ba ta da kyau."

Bappa ya rage muryar rediyonsa. "Ta fi muni a kan shekarar da aka haife ka? A kan jaki aka kai uwarka. Je ka ka ji da kasuwarka, wannan sha'anin mata ne."

Ranar Laraba da hantsi Goggo Jummai ta iso da motar haya. A al'ada miji ba ya tsayawa a irin wannan rana, don haka Nu'uman ya yi sammakon fita. Ya buɗe rumfa, ya zauna. Wani ya zo sayen hula, ya miƙo kansa a auna. Nu'uman ya tsaya da tef a hannu yana kallonsa. Sai ya ajiye tef ɗin, ya bar mutumin a tsaye, ya bar rumfar a buɗe, ya hau Vespa.

Motar tana bakin titi, don ba ta iya shiga lungunsu. An gama loda kaya. Husaina tana zaune a baya, Bappa yana tsaye da sandarsa yana sallamar baƙi, mata sun leƙo daga ƙofofi.

Goggo Jummai ce ta fara hango shi. "A'a, ga angon bara. Ko kunya babu, ka biyo ta? Kwantar da hankalinka, aro muka zo yi, da riba za mu dawo maka da ita."

Mata suka yi dariya. Direba ya tayar da mota. Nu'uman ya je ya tsaya a gabanta, ya dafa ta da hannu biyu.

"Bappa," in ji shi, "Husaina ba za ta tafi ba."

Dariyar ta ɗauke. Ba wanda ya taɓa jin sunan a bakinsa a gaban mutane.

Ya cire hularsa, ya zaro takardar. Gumi ya cinye ta har rubutun ya fara narkewa. Ya faɗi duk abin da likita ya gaya masa: ruwan, girman kan, aikin, da abin da zai faru in naƙuda ta same ta bayan rafi. Kafin ya gama hawaye sun jiƙa masa gaban riga, bai ko share ba.

Goggo Jummai ta yi salati. Ta ce wace irin magana ce wannan a bakin titi, su da suka haifi goma-goma a ɗaki, wane hoto aka yi musu? Kuma me za ta je ta gaya wa yayanta, ta koma da mota babu yarinya?

Bappa bai dube ta ba. Tambaya ɗaya ya yi.

"Tun yaushe ka sani?"

"Sati biyar."

Tsohon ya daɗe yana kallon ɗan ƙanen nasa, daga ƙasusuwan wuya har zuwa wandon da aka ɗaure da igiya. Sannan ya jingine sandarsa, ya zagaya bayan mota, ya sauke akwatin Husaina da hannunsa.

"Jummai, ki gaya wa yayanki ni na hana, ba yaron nan ba. In da laifi, nawa ne. Uwarta ta biyo motar ran kasuwa, a nan za ta yi goyon." Ya juya ga Nu'uman. "Kai kuma sa hularka."

Husaina ta fito daga mota ba ta kalli kowa ba, ta koma cikin gida. Nu'uman ya same ta zaune a bakin gado, ko mayafi ba ta cire ba. Ya fara ba ta haƙuri, yana cewa tsoro ya ji kada jininta ya hau, kada wani abu ya same ta.

"Sati biyar ina neman laifina, Malam," ta ce a hankali. "Na ce ko girkina ne, ko munin da na yi. Har na ce gara in tafi ƙauye ka huta da ganina."

Ta ɗago ta dube shi.

"Kai takarda ka ɗauka ka rame haka. Ni shi nake ɗauke da shi. A ce kowa a titi ya ji tare da ni?"

Sai a lokacin ta yi kuka, shi ma ya zauna a ƙasa kusa da ƙafarta ya yi nasa. Da ta gama ta share fuska da gefen mayafi, ta ce ya tashi ya kai ta wurin likitan yanzu, tana so ta ji da kunnenta.

A ranar aka ba ta gado, don jinin ya hau fiye da da. Uwarta ta iso ran kasuwa. Bappa, wanda bai taɓa taka ɓangaren masu haihuwa ba a rayuwarsa, ya riƙa zuwa bayan la'asar yana zama a benci tare da Nu'uman. Ba sa wata hira. Wani lokaci ya miƙo masa ƙullin ƙosai, ya tsare shi da ido har sai ya ci biyu.

Bayan sati shida aka yi aikin. Aka ciro namiji, da ransa. Likita ya kira Nu'uman ya ce uwar ta tsira, kuma da a ƙauye abin ya same ta, da ba wannan maganar ake yi ba. Yaron kuwa sai an sake yi masa wani aikin, a sa masa siririyar roba da za ta riƙa janye ruwan. Ko zai yi tafiya, ko zai gani sosai, ba wanda zai iya faɗa yanzu.

Da Husaina ta farfaɗo, ta same shi a tsaye a kanta. Leɓunanta sun bushe, muryar da ƙyar take fita.

"Me likita ya ce? Duka nake so."

Nu'uman ya ji tsohuwar amsar nan ta taso masa har bakin harshe. Ya haɗiye ta. Ya ja kujera ya zauna, ya gaya mata duka, mai daɗin da marar daɗin, bai rage ko kalma ba.

Ta rufe ido, hawaye ya gangaro mata ta gefen kunne. Can ta buɗe, ta miƙo masa hannu.

"To. Allah ya ba mu ikon riƙe shi. Je ka ka ce su kawo mini shi in gani."

Darasi: Kunya ado ce, amma ba a sayen ta da rai. Namijin da aka gaya wa mummunan labari a kan cikin matarsa shi ma yana cikin ciwo, kuma ciwon da aka ɓoye ba ya raguwa, sai dai ya ci mai shi, ya ci na kusa da shi. Ka gaya wa matarka gaskiya, jikinta ne kuma ɗanta ne. Ka nemi babba ka buɗe masa cikinka tun da sauran lokaci. Ku kuma iyaye da abokai, in kun ga mai jiran haihuwa yana ramewa, ku ja shi gefe ku tambaye shi kafin ku tsokane shi. Ku tura wannan labari ga wasu, wataƙila akwai wanda yake yawo da irin wannan nauyi yau, bai sami wanda zai gaya wa ba.