Yadda Samarin Hawasha Suka Watse

Akwai wani saurayi a wani ƙauyen Hausawa kusa da garin Suki a ƙasar Sudan, sunansa Muzammil. Allah ya ba shi murya. Idan ya ɗaga ta a bakin magudanar ruwa, har masu jakuna sai sun rage tafiya. Shi ma ya san da haka, kuma daga nan matsalar ta soma.

Yana da aboki tun na ƙuruciya, Alhasan. Shi kam in ya yi waƙa dariya ake yi masa, amma yatsunsa sun san orgun, abin kiɗan nan na bukukuwan Sudan. Na ukunsu Mujahid ne, mai ganga, wanda bakinsa ba ya rabo da tsokana.

A ƙarshen shekarun 1990 suka haɗu suka sa wa kansu suna Samarin Hawasha, domin dukkansu a hawasha suka tashi, wato gonakin audugar da iyayensu ke nomawa.

Suna da wata al'ada tasu. Ba sa fitar da sabuwar waƙa sai sun kai ta gona lokacin tsinkar auduga. Muzammil ya rera baiti da Larabci, amshi kuwa da Hausa yake. Alhasan ne ke tsara amshin daga waƙoƙin daka da na raino da ya ji a bakin mahaifiyarsa, Inna Hadizatu. In matan da ke tsinka suka karɓe shi suka ci gaba da yi bayan samarin sun yi shiru, to waƙa ta yi. In sun yi kunnen uwar shegu da ita, a nan ake binne ta.

Inna Hadizatu ta fi kowa tsanani. Takan miƙe ta dafa ƙugu ta ce wa Muzammil, "Wagga ba ta da gishiri, ɗana. Ku koma ku sake." Ɗana take ce masa, domin uwarsa ta rasu yana ƙarami, a tukunyar Inna Hadizatu ya girma.

Cikin 'yan shekaru sunansu ya tafi. Ba a biki daga Suki zuwa Dinder sai an nemi Samarin Hawasha. Kaset ɗinsu ya shiga motocin haya, har waɗanda ba su jin Hausa ko kalma ɗaya suna bin amshin suna karya harshe.

Sai wani mai kamfanin kaset daga Khartoum ya ja Muzammil gefe. Ya ce masa muryar tasa ce, me zai sa ya riƙa jan rutana a baya? Rutana ita ce kalmar da ake kiran duk yaren da ba Larabci ba, kuma ba da girmamawa ake faɗinta ba.

Maganar ta zauna wa Muzammil a rai. Da kaka ta zagayo Alhasan ya same shi ya ce, "Gobe mata na tsinka. Mu kai musu sabuwar nan su ji."

"Ya zol, ni fannan na yanzu," in ji Muzammil yana haɗawa da Larabci, wato malam, shi yanzu babban mawaƙi ne. "In tsaya cikin rana tsohuwa ta yanke mini hukunci? Kalas, an wuce wurin."

Mujahid ya ƙyalƙyale da dariya. "Fannan da ƙaya ga ƙahwa! Jiya-jiya munka cire maka ita." Muzammil bai yi dariya ba.

Ba a jima ba wani attajiri ya gayyace su bikin ɗansa a Managil, kuma mai kamfanin nan yana cikin manyan baƙi. Muzammil ya kafa sharaɗi cewa ranar duk amshi da Larabci za a yi shi. Alhasan bai so ba, amma ya yarda don a zauna lafiya.

Abin da ba su sani ba, Inna Hadizatu da wasu matan ƙauyensu sun hau mota tun safe. Ba ta taɓa ganin yaranta a kan dandamali ba. Suka samu wuri can baya, kusa da masu wanke-wanke, suka tsaya.

Bayan la'asar aka soma. Da aka zo wurin amshi, matan nan ba su san an canza komai ba, sai suka ɗauka da Hausa kamar yadda suka saba a gona. Alhasan ya ɗaga kai ya hango mahaifiyarsa tana tafi. Daɗi ya kama shi, ya sunkuya kan makirfon ɗinsa ya ce, "Inna, sannunku da zuwa!"

Muzammil ya dubi mai kamfani, ya ga yana murmushi. Sai ya taka ya fizge wayar makirfon ɗin Alhasan, ya juya ga jama'a ya ce da Larabci, "Ku yi haƙuri, ma'aikatana ne, ba su saba shiga mutane ba. Ni kaina ba na jin abin da suke faɗi."

Wasu suka yi dariya. Inna Hadizatu ta sauke hannuwanta, ta gyara mayafi, ta fita. Sauran matan suka bi ta.

Alhasan ya ƙarasa kiɗan har ƙarshe, bai yi kuskure ko ɗaya ba. Da aka tashi ya naɗe orgun ɗinsa cikin bargo ya saɓa a kafaɗa. Mujahid ya bi shi, kuma ranar ce kaɗai aka gan shi ba abin tsokana a bakinsa. Jama'a, ni duk inda na kai nan a labarin sai raina ya ɓaci.

Muzammil ya koma Khartoum shi kaɗai. Kaset ɗinsa na farko ya ɗan tafi, na biyu ko ƙura bai tayar ba. Birnin cike yake da masu murya, kuma waƙoƙinsa sun zama kamar na kowa. Da zamanin kaset ya wuce, mai kamfanin ya daina ɗaga wayarsa.

Ya san ya yi laifi, kuma abin yana cinsa. Wata rana ya haɗu da Mujahid a tashar mota, lokacin Mujahid ya zama direba. Mujahid ya ce, "Alhasan bai riƙe ka ba. Ya ce ka zo kawai, ba sai ka ce komi ba."

"In sha Allahu bayan Sallah," in ji Muzammil. Bayan Sallah ya ce sai bayan kaka. Kunya yake ji ya koma ba a matsayin da ya tafi nema ba. Haka shekaru suka yi ta wucewa, har ranar da Mujahid ya kira shi ya ce Alhasan ya kwanta da zazzaɓi, kuma bai tashi ba.

Ranar ya samu motar zuwa gida. Ya yi wa maza ta'aziyya a rumfa, sannan ya shiga wurin Inna Hadizatu. Ta tsufa ƙwarai, tana zaune kan tabarma da carbi. Ya durƙusa yana kuka.

"Inna, ni na, Muzammil. Ɗanki na. Ki gahurta mini."

Ta dube shi. Sai ta amsa masa da gurguwar Larabcinta, wadda ba ta yi sai a asibiti ko gaban jami'an gwamnati. Ta ce, "Shukran, ya ustaz. Ni na yafe tun tuni. Wanda ya jira ka yana maƙabarta."

"Inna, da Hausa nika yi miki magana!"

Ba ta ɗaga murya ba, ba ta zage shi ba. Ta juya ga jikarta ta ce da Hausa, "Huseina, kawo ma baƙo shayi."

Darasi: Kada ɗaukaka ta sa ka ji kunyar mutanen da suka ɗaga ka, ko harshen da aka raine ka da shi. In kuma ka ɓata wa wani, je ka ba shi haƙuri yau, domin ba ka da tabbacin zai kai bayan Sallah. Ku tura wa 'yan'uwa, wataƙila akwai mai wani Alhasan ɗin da ke jiransa.