Badaru Ya Ƙi Zama a Aji

Badaru mutumin Zariya ne. Ya shekara goma sha ɗaya yana aiki a wani kamfanin biskit kusa da Plumstead, a Landan, kuma shi ne wakilin ƙungiyar ma'aikata a sashen zuba kaya a kwali. A faɗi gaskiya, ba rago ba ne, kuma Allah ya ba shi baki. In manaja ya taɓa wani, Badaru zai shiga ofis ya yi ta zuba Turanci har sai an janye takardar gargaɗi. Aibinsa ɗaya ne, amma babba: bai yarda akwai abin da wani zai koya masa ba. Kafin ka rufe baki ya ce, "Ai na sani."

A shekarar 1996 kamfanin ya kafa majalisar da za ta riƙa haɗa shugabanninsa da wakilan ma'aikata na masana'antunsa huɗu, ta Landan da ta Beljiyam da ta Faransa da ta Holan. Mutanen Landan suka zaɓi Badaru, suka ba shi mataimakiya, Kaneng, wata 'yar Jos mai shiru-shiru. Ƙungiya ta shirya musu horo na kwana biyar a wani zaure a Whitechapel, don su san yadda ake wakilci idan magana ta tsallake iyakar ƙasa.

Ranar farko Badaru ya zo da kwat da jakar hannu. Da aka tashi cin abincin rana ya kama hanyar tube, jirgin ƙarƙashin ƙasa. Kaneng ta biyo shi har bakin titi.

"Malam Badaru, ba a gama ba fa."

"Ni na gama," in ji shi. "Shekara goma sha ɗaya ina kokawa da manajoji, yau wata mata za ta zaunar da ni tana zane a allo? Ke ki zauna, ke ce sabon shiga."

Ta zauna kuwa, har kwana biyar ɗin. Da lokacin taron farko a Brussels ya matso, ta same shi a kantin cin abinci na masana'anta. Ta ce an koya musu cewa wakilan ma'aikata sukan haɗu su kaɗai kwana ɗaya kafin taro, su tsayar da magana ɗaya, kuma ba a shiga gaban shugabanni sai da wannan zama. Badaru ya ce wannan shan shayi ne kawai. Ga shi ranar ana sunan ɗan abokinsa a Lewisham, don haka ya soke tikitinsa na jajibirin taro, ya sayi na safiyar taro. Kujerar Landan ɗaya ce, Kaneng ba ta da izinin zuwa a madadinsa.

A zaman da bai je ba, sauran wakilan suka yi alkawari cewa babu masana'antar da za ta karɓi aikin da aka ƙwace daga wata, don sun ji ƙishin-ƙishin ana son rufe sashen kwali na Beljiyam. Badaru bai san da wannan ba. Ya iso ana shiga zaure, ya maƙala abin jin tafinta a kunne, yana ji da kansa.

Babban darakta ya kawo maganar cikin ladabi. Ya tambaya ko akwai masana'antar da za ta iya ɗaukar aikin kwalin Beljiyam. Wakilin Faransa ya ce sai sun yi nazari. Na Holan ma haka. Sai ga Badaru tsaye.

"Mu a Landan ba ma tsoron aiki," ya ce. "Asabar da Lahadi duk muna yi. A kawo mana, a ga aiki da cikawa."

Wakiliyar Beljiyam, wata dattijuwa mai furfura, ta cire abin kunnenta ta ajiye a tebur, ta zuba masa ido. Shi kuwa gogan ya ɗauka burge ta ya yi.

Wata huɗu bayan haka aka rufe sashen Beljiyam, mutum tamanin suka rasa aiki, kwalin ya dawo Landan. Aka yi ta jinjina wa Badaru. Kaneng ce kaɗai ba ta tafa ba. Ta ce masa, "Gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, kai kuma ka ƙara masa iska." Ya ce baƙin ciki ne irin na mataimaka.

Ba a cika shekara biyu ba kamfanin ya sanar cewa zai kwashe duk aikin kwali zuwa sabuwar masana'anta a wata ƙasa. Mutum ɗari da arba'in ne a sashen Landan. Badaru ya shiga ofis kamar yadda ya saba, manaja ya ce masa wannan ba a Landan aka yanke ba, shi ma takarda aka aiko masa. Nan Badaru ya fito ya nemi Kaneng.

Ta buɗe masa yarjejeniyar majalisar, wadda aka karanta musu layi-layi a horo. Akwai hanya ɗaya: wakilai na iya kiran taron gaggawa a dakatar da shirin har sai an saurare su, amma sai wakilan ƙasa biyu sun sa hannu cikin kwana goma.

Badaru ya kama waya. Na Faransa ya ce zai yi tunani, bai sake ɗauka ba. Na Holan ya ce ba ya gari. A kwana na tara ya haɗiye girman kai ya kira dattijuwar Beljiyam. Ta saurare shi har ƙarshe, sannan ta ce, "Na so in taimake ka saboda mutanenka. Amma waɗanda suka zaɓe ni sun ji abin da ka faɗa, kuma tamanin daga cikinsu suna gida. Ba su ba ni izini ba."

Kwana goma suka cika. Badaru ya tsaya a kantin cin abinci ya gaya wa mutane ba za a yi taro ba, bakin nan nasa ya ƙi buɗewa yadda ya saba. Sualihu, wani dattijo ɗan zangon Kumasi da ya shekara ashirin a sashen, ya miƙe a hankali.

"Ƙanena, an ce an kira ka makaranta kwana biyar. Kwana nawa ka yi?"

"Rabin yini, Baba," in ji Badaru.

Sualihu ya gyaɗa kai, ya cire farar hular aikinsa ya ninke, ya ajiye a gaban Badaru ya fita. Sauran suka bi shi ɗaya bayan ɗaya.

Darasin a fili yake. Wanda aka ɗora wa amanar mutane ba shi da hurumin cewa ya fi ƙarfin koyo, domin ba shi kaɗai zai biya kuɗin jahilcinsa ba. Ƙwarewarka a gida ba ta isa ba idan aiki ya tsallaka iyaka, can akwai ƙa'idoji da abokan tafiya da sai ka zauna an nuna maka su. Kuma in ka ga ana cire abinci daga bakin wani ana miƙo maka, ka sani hannun da ya cire nasa yana nan bai je ko'ina ba.